Yadda ake tsaftace ruwan dattin masana'antar kwakwa a tankin da iska ba ta shiga

Kwakwar da ake magana a kanta a nan ita ce kwakwar Attagara, ba ta manja ba. Indonesiya da Filifin da Indiya ne suka fi kowa nomanta, sai dai ƙasar Siri Lanka ta yi fice wajen sarrafa ta zuwa busasshen gari, musamman a yankunan Kurunegala da Puttalam. A yammacin Afirka ma akwai ƙananan masana'antun man kwakwa a bakin teku, kamar Badagry a jihar Legas da yankin Nzema na ƙasar Gana. Duk inda aka fasa kwakwa da yawa, aka feƙe ta, aka wanke tsokarta, aka niƙa ko aka matse, akwai wani farin ruwa mai maiƙo da ke bin magudana. Da safe ƙamshinsa ba ya damun kowa, amma kafin yamma ya yi tsami, bayan kwana biyu kuma warinsa ya hana maƙwabta sakat. Idan ya gangara rafi yakan cinye iskar oksijin da ke cikin ruwa har kifi ya mutu, idan kuma ya kwanta a gona maiƙonsa yakan toshe ƙasa.

Hanyar da ta fi dacewa da irin wannan ruwa ita ce a zuba shi a rufaffen tanki, a bar ƙwayoyin halittar da ba sa buƙatar oksijin su cinye dattin, su mai da shi iskar gas mai kamawa da wuta. Aikin tankin daidai yake da na tumbin saniya, domin irin waɗannan ƙwayoyi ne ke zaune a can, kuma kamar yadda saniya ke kumburi idan ta afka wa buhun hatsi, haka tanki ke lalacewa idan aka ɗura masa abin da ya fi ƙarfinsa. Ƙwayoyin kashi-kashi ne. Wasu suna farfasa kitse da sukari da furotin, wasu suna mai da abin da aka farfasa zuwa sinadarai masu tsami, na ƙarshe kuma su ne ke mai da tsamin nan iskar metan, wato gas ɗin nan mai kamawa da wuta. Masu samar da tsami suna hayayyafa cikin sa'o'i kaɗan, masu samar da metan kuwa sai sun ɗauki kwanaki, kuma ba sa jure tsami. Ruwan kwakwa yana zuwa da sukarin da ke tsami nan da nan, tare da man da ke raunana masu metan ɗin, saboda haka yawancin aikin da ke tabbatar da nasara ana yin sa ne kafin ruwa ya kai bakin tanki.

Mataki na farko: a san ruwan, a kuma raba shi

Kafin a sayi buhun siminti ko ɗaya, a auna yawan ruwan da masana'anta ke zubarwa kowace rana har tsawon mako biyu, a haɗa da ranakun da aiki ya fi yawa. A ɗebi samfuri a lokuta dabam-dabam na yini, a gauraya, a kai ɗakin gwaje-gwaje domin a duba abubuwa huɗu: ma'aunin tsami na pH (wanda lambarsa ke sauka idan tsami ya ƙaru), yawan mai da maiƙo, yawan guntayen da ke yawo a ciki, da kuma COD, wato adadin oksijin da za a buƙata kafin a ƙone dukan dattin da ke cikin lita guda. COD na ruwan bayan gida na gari yawanci bai kai miligiram 1,000 a lita ba, amma na masana'antar garin kwakwa yakan haura 10,000, pH ɗinsa kuma yakan sauka zuwa tsakanin 4 da 5.5. Samfuri guda da aka ɗiba da sassafe, lokacin da ake wanke daɓe kawai, yana iya yaudarar mutum ya gina tankin da bai kai rabin abin da ake buƙata ba.

Daga nan sai a raba magudanu. Ruwan da ke cikin kwakwa shi ne ke ɗauke da kaso mai tsoka na sukarin, kuma asara ce a zubar da shi, domin a Filifin ana yin ruwan tsami na girki da shi, ana kuma yin wani abin zaƙi mai danƙo da suke kira nata de koko. Duk litar da aka tare a wurin fasa kwakwa nauyi ne aka sauke wa tanki. Ruwan sama na rufi da na tsakar masana'anta kada ya haɗu da ruwan aiki. Abin da ya fi waɗannan haɗari shi ne ruwan da aka sa wa kulorin domin kashe ƙwayoyin cuta, da ruwan sodar wanke injuna, da sinadarin salfait da wasu masana'antu ke amfani da shi don garin kwakwa ya riƙe farinsa. Kulorin yana kashe ƙwayoyin tanki kamar yadda yake kashe na cuta, salfait kuma yana komawa iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. A tanadar musu ƙaramin rami nasu, a bar su su kwana, sannan a riƙa sakinsu kaɗan-kaɗan cikin babban ruwan.

Mataki na biyu: a tsame mai

A bakin magudana a sa rariyar ƙarfe mai manyan ƙofofi, a bayanta a sa mai ƙananan ƙofofi na milimita 1 zuwa 2, domin tare guntayen tsoka da ɓawo da zare. A riƙa kwashe su kullum. Abincin dabbobi ne idan ba su taɓa sinadari ba.

Maganar mai ita ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta. Kusan rabin man kwakwa wani sinadarin kitse ne da ake kira lorik, wanda aka tabbatar yana daga cikin mafi cutarwa ga ƙwayoyin da ke samar da metan. Ban da gubarsa, mai yana lulluɓe lakar da ƙwayoyin ke zaune a ciki, ya hana abinci isa gare su, ya kuma rage mata nauyi har ta taso sama ta fice daga tanki tare da ruwa. Wato mai yana raunana ƙwayoyin, sannan ya kore su. Haka kuma man kwakwa yana daskarewa idan zafi ya sauka ƙasa da digiri 24 a ma'aunin Salshiyos, don haka dare ɗaya mai sanyi ya isa ya toshe siririn bututu. Shi ya sa ake amfani da bututu mai faɗi, mai gangara sosai, da wuraren buɗewa a kowace kwana.

Ƙaramar masana'anta tana iya wadatuwa da tarkon maiƙo, wato dogon rami mai ɗaki uku ko huɗu, inda ruwa ke wucewa daga ɗaki zuwa ɗaki ta ƙarƙashin bango, mai kuma ya tsaya a sama a yaɗe shi. Sai dai man da ke cikin ruwan kwakwa ba duka ne ke tasowa da kansa ba, domin furotin yana riƙe da shi a gauraye kamar yadda yake a madarar kwakwa. A nan tsamin da ake kuka da shi yake da rana. Masu yin man kwakwa na gargajiya sun san cewa idan aka bar madarar ta kwana ta yi tsami, furotin yakan tsinke, mai ya rabu ya taso. Saboda haka a bar ruwan ya huta a tarkon yana da tsaminsa, a yaɗe mai, daga baya a gyara tsamin. Wanda ya fara zuba soda kafin ya yaɗe mai sabulu yake haɗawa, kuma man da ya zama sabulu ba ya sake rabuwa da ruwa. Manyan masana'antu suna ƙara wani inji da ke cusa ƙananan kumfan iska cikin ruwa su ɗago mai da guntaye sama, kuma a ganina duk wanda ke yin madarar kwakwa da yawa bai kamata ya yi rowar kuɗin wannan inji ba. Man da aka yaɗe masu yin sabulu suna saye.

Mataki na uku: tankin tarawa da gyaran tsami

Masana'anta tana aiki sa'o'i takwas ko goma, amma ƙwayoyin tanki suna son a ba su abinci daidai wa daida dare da rana. Saboda haka a gina tankin tarawa wanda zai ɗauki ruwan yini guda cur, a sa masa abin motsawa a hankali, a kuma sa ƙaramin injin turo ruwa da zai riƙa aikawa babban tanki a ma'auni guda har sa'o'i 24.

Ƙwayoyin metan sun fi walwala idan pH na cikin tanki yana tsakanin 6.8 da 7.2, kuma suna fara gazawa idan ya sauka ƙasa da 6.5. Sodar burodi ce mafi aminci wajen gyara tsami, domin ko an ɗan zarce ba ta ɗaga pH fiye da kima, sai dai tana da tsada. Farar ƙasa ta fi araha, amma tana haɗuwa da kitse ta zama dunƙule-dunƙulen da ke taruwa a saman tanki, tana kuma barin ɓawo a jikin bututu. Sodar sabulu tana da kaifi ƙwarai, kuskuren ma'auni yana iya kashe tanki. Kanwa ma danginsu ce, tana kuma kashe tsami, amma ƙarfinta ya bambanta daga buhu zuwa buhu, tana kuma zuwa da gishiri da yashi, don haka sai an gwada kowane kaya kafin a dogara da shi. Dabarar da ta fi rage kashe kuɗi ita ce a riƙa dawo da wani kaso na ruwan da ya fito daga babban tanki ana gauraya shi da sabon ruwa, domin ruwan da ƙwayoyin suka gama da shi yana ɗauke da sinadarin da ke kashe tsami.

A nan ne kuma ake ƙara abin da ruwan ya rasa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, ga kowane kilo 350 na COD a sami kilo 5 na naitirojin da kilo 1 na fosfaros. A fara duba abin da ruwan ya zo da shi, sannan a cike giɓin da takin yuriya da takin fosfet.

Mataki na huɗu: zaɓen tanki da lissafin girmansa

Tankin da ya fi shahara a masana'antun abinci shi ne UASB, wanda Farfesa Gatze Lettinga da abokan aikinsa suka ƙirƙira a Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan a shekarun 1970. Ruwa yana shiga ta ƙasa, ya ratsa tarin laka mai rai yana hawa sama, a can sama kuma akwai wata hula mai gangara da ke raba gas da ruwa da laka. Yana da ƙarfin aiki, amma ba ya haƙuri da mai ko kaɗan. Na biyu shi ne tanki mai makari, wanda ake cika da abin da ƙwayoyin za su manne a jiki, ta yadda ko mai ya shigo ba zai kwashe su ba. A Siri Lanka ana yin wannan makari da zaren ɓawon kwakwa, wanda ke jure ruwa na dogon lokaci, kuma yana nan jibge a ƙofar masana'anta. Aibinsa shi ne toshewa. Na uku shi ne dogon tanki mai ɗakuna a jere, inda ruwa ke sauka ya hau sau da yawa, masu tsami su mamaye ɗakunan farko, masu metan su zauna lafiya a na baya. Ga ƙarama ko matsakaiciyar masana'anta da ba ta da injiniya a tsaye, shawarata ita ce tanki mai ɗakuna, a sa makarin zare a ɗakuna biyu na ƙarshe, domin magini na gari zai iya gina shi da bulo da siminti, kuma yana jure kuskuren ma'aikaci.

Ga misalin lissafi, da alƙaluman da mai karatu zai musanya da nasa. A ɗauka masana'anta tana fitar da lita 20,000 a rana, wato kubik mita 20, kuma bayan an yaɗe mai COD ya tsaya a miligiram 10,000 a lita, wanda yake daidai da kilo 10 a kowace kubik mita. Nauyin datti na yini ya zama kilo 200. Idan aka yanke cewa kowace kubik mita ta tanki za ta ɗauki kilo 4 a rana, wanda ma'auni ne na taka-tsantsan ga ruwa mai maiƙo, ana buƙatar tanki mai kubik mita 50, ruwa kuma zai yi kwana biyu da rabi a ciki. Idan tankin ya cinye kashi 80 cikin ɗari, kilo 160 ke nan. Kowane kilo na COD da aka cinye ba ya ba da fiye da kubik mita 0.35 na metan, saboda haka iyakar abin da za a samu shi ne kubik mita 56 a rana, a aikace kuma ƙasa da haka. Zafin da kubik mita guda na metan ke bayarwa ya yi kusa da na litar man dizal guda, abin da ke nufin gas ɗin zai rage itace ko man da ake ƙonawa wajen busar da kwakwa. Wanda ya zaɓi UASB mai tsayin mita 5, faɗin ƙasansa zai zama murabba'in mita 10, kuma domin ruwa ya riƙa hawa da saurin rabin mita a sa'a sai an tura kubik mita 5 kowace sa'a, alhali sabon ruwa bai kai kubik mita 1 ba. Ragowar daga ruwan da ake dawowa da shi zai fito.

Bayan gini, a cika tanki da ruwa mai kyau a bar shi kwanaki a ga ko yana yoyo, sannan a hura iska a rufaffen samansa a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa a nemi kumfa.

Mataki na biyar: tayar da tanki

A nan mafi yawan masu gaggawa suke faɗuwa. Iri mafi kyau shi ne laka daga wani tankin gas da ke aiki, kamar na kamfanin lemo ko na sitaci. Idan babu, a dama ɗanyen kashin shanu da ruwa, a tace haki da yashi, a haɗa da baƙar lakar tsohuwar shadda, a cika kimanin kashi ɗaya cikin uku na tanki, a ƙarasa da ruwan da ba shi da kulorin. A rufe, a bar shi kamar mako guda ba tare da an ba shi komai ba, har gas ya fara motsi.

Daga nan a fara da rabin kilo na COD ga kowace kubik mita a rana. A misalin da ya gabata wannan kilo 25 ne, wato lita 2,500 kacal daga cikin 20,000, kuma dole a yi tanadin inda ragowar zai tsaya a waɗannan makonni. Ba a ƙara abinci sai an ga abubuwa uku sun daidaita har kwana bakwai zuwa goma a jere: pH bai sauka ba, gas yana fita daidai, kuma tankin yana cinye kusan kashi 80 na abin da aka ba shi. Idan sun daidaita, a ƙara kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na abin da ake bayarwa, a sake jira. Kafin a kai cikakken nauyi ana iya shafe wata biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye. Zafin da ƙwayoyin suka fi so shi ne digiri 30 zuwa 37, kuma yankunan kwakwa ba su da nisa da wannan, amma sauyin zafi na farat ɗaya ya fi ƙarancinsa illa, don haka kada a saki tafasasshen ruwan turara kwakwa kai tsaye cikin tanki.

Gas na kwanakin farko gauraye yake da iska, kuma metan yana fashewa idan ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iska. A sake shi a fili sau biyu ko uku, nesa da wuta da masu shan taba, kafin a gwada kunnawa.

Kulawar yau da kullum

Kowace safiya a rubuta yawan ruwan da ya shiga, pH na shiga da na fita, zafi, da yawan gas. Amma pH makararren mai gargaɗi ne, domin kafin ya sauka tsami ya riga ya taru. Abin da ke nuna matsala da wuri shi ne a kwatanta yawan sinadarai masu tsami da ƙarfin ruwan na kashe tsami, gwajin da ma'aikaci zai iya koya cikin yini guda. Idan sakamakon raba na farko da na biyu yana ƙasa da 0.3 tanki lafiya lau yake, idan ya haura 0.5 a rage abinci da rabi nan take, a ƙara soda, a ƙara yawan ruwan da ake dawowa da shi. Akwai kuma gwaji mai sauƙi na ingancin gas: a zuƙi gas a sirinji, a zuƙi ruwan sodar sabulu kaɗan, a girgiza, sodar za ta shanye iskar kabon, abin da ya rage kusan duka metan ne. Tanki mai lafiya yakan ba da kashi 55 zuwa 70 cikin ɗari. Ruwan da ke fita ya kamata ya zama baƙi-baƙi mai warin laka. Idan ya koma fari yana warin tsami, ko aka ga laka tana fita da shi tana naso, to mai ya tsallake tarko, kuma can ya kamata a koma a duba.

A bututun gas a sa kwalbar tare raɓa a wuri mafi gangara, da garwa mai cike da ƙarfe mai tsatsa ko ɓarɓashinsa domin kama iskar nan mai warin ƙwai wadda ke cin ƙarfen murhu da inji, da kuma mashaƙar ruwa da za ta saki gas idan matsi ya yi yawa. Rarar gas a ƙone ta a dogon bututu, kada a sake ta haka nan. Kada a taɓa barin mutum ya shiga tanki ko ramin tarawa don yasa sai an buɗe, an hura iska sosai, an auna, an ɗaura masa igiya, kuma akwai mutum biyu a waje. Iskar mai wari idan ta yi yawa takan kashe jin wari a hanci, mutum ya zaci ta gushe alhali lokacin ne take kisa.

Ruwan da ya fito daga tanki bai gama tsarkaka ba. A misalinmu COD ɗinsa yana nan a miligiram 2,000 a lita, wanda ya ninka na ruwan bayan gida, don haka sai ya bi ta tafkin da ake kaɗa wa iska, sannan tafkin kwantar da laka, ko fadamar da aka gina aka shuka ciyayin ruwa, kafin ya kai mizanin da hukumar muhalli ta ƙasa ta gindaya, kamar NESREA a Najeriya. Lakar da ta yi yawa a janye ta ta ƙasa sau ɗaya ko biyu a shekara, a shanya a kan yashi, a kai gindin itatuwan kwakwa, amma kada a kwashe fiye da kashi ɗaya cikin huɗu a lokaci guda. Idan kwakwa ta yanke aka rufe masana'anta na wasu makonni, a bar tankin cike da ruwansa a rufe. Ƙwayoyin suna iya zama da rai watanni ba abinci. Ranar da aiki ya dawo a fara da kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin da aka saba, a riƙa ƙarawa a hankali cikin mako biyu zuwa uku ana duban littafin awo.